Masu dashen ƙoda, yaya kuke fama da magungunan hana jiki ƙin ƙodar?

Baban Ikilima: Assalamu alaikum 'yan uwa. Tun da aka yi mini dashe nake kan tacrolimus da mycophenolate da prednisolone. Hannuna na karkarwa, mura kuma ba ta sake ni. Na ji an ba da kyautar Nobel ta 2025 kan wasu ƙwayoyin garkuwar jiki masu hana jiki yaƙar kansa. Ko za mu huta wata rana?

Maman Sadiya: Wa alaikumus salam Baba. Ni sukari prednisolone ya jawo mini, fuskata ta kumbura har maƙwabta na yi mini barka da ƙiba. Ga tsada. Duk wata sai 'yan uwa sun haɗa hannu.

Ɗan Damagaram: Baba, a ɗakin gwajin jini nake aiki, kuma yayata na cikin masu dashe, shi ya sa nake bibiyar lamarin. Ƙwayoyin garkuwar da ka ambata, Treg ake ce musu. Shimon Sakaguchi na Japan ya bayyana su a 1995, sannan a 2001 Mary Brunkow da Fred Ramsdell suka gano ƙwayar gadon FOXP3, wadda daga baya aka tabbatar ita ke sarrafa su. Aikinsu kamar na mai raba faɗa ne, su tsawata wa sauran ƙwayoyin garkuwa. A gwajin ONE Study na Turai da Amurka, wanda sakamakonsa ya fito a 2020, an ɗebi ƙwayoyin Treg daga jinin mai dashen ƙoda, aka hayayyafa su, aka mayar masa. Wasu sun koma shan tacrolimus kaɗai, cututtukan kamuwa ma sun ragu. Amma fa gwaji ne kan mutane kaɗan, bai zama magani a asibiti ba tukuna.

Hajiya Babba: Don Allah kada wannan labari ya sa wani ya taɓa maganinsa. Ƙanin mijina ya rage nasa da ya ji sauƙi, ƙodar da ɗansa ya ba shi ta lalace. Yanzu ya koma wankin ƙoda. Har yau in na tuna yaron nan sai hawaye.

Baban Ikilima: Allah ya ba shi lafiya, Hajiya. Zan yi wa likitana maganar karkarwar, a auna yawan tacrolimus a jinina.