Kaburburan Sugar Land: abin da muka tattauna

Jama'a, ga abin da na tattaro daga tattaunawarmu kan kaburbura 95 marasa alama da aka gano a Sugar Land, jihar Texas ta Amurka, a 2018, inda aka binne fursunonin da aka ba da hayarsu a gonakin rake.

1. Kowa ya yarda hayar fursunonin nan bauta ce aka sauya wa suna. Gyara na 13 na kundin tsarin mulkin Amurka ya haramta bauta a 1865, banda kan wanda kotu ta ɗaure. Texas ta riƙa ba masu gonakin rake hayar fursunoni, galibinsu baƙaƙen fata. Cikin mamatan har da yaro ɗan kimanin shekara 14. Wannan ya tsaya mini a rai.
2. Mafi yawa sun ce a ci gaba da gwajin DNA don gano zuriyarsu.
3. An rabu kan diyya: wasu sun ce wajibi ce, wasu sun ce a fara dawo musu da sunayensu tukuna.