Ruɗewa bayan tiyata: wa ya taɓa gani a wajen tsohonsa?

Autan Baba: Assalamu alaikum 'yan uwa. Baba ya faɗi a banɗaki, aka yi masa aikin ƙugu ranar Litinin. Shekararsa 78. Ya farfaɗo garau, har yana raha da nas. Daren Talata sai ya kama kiran Inna, wadda ta rasu tun 2015, yana fizgar robar ƙarin ruwa wai zai tafi gona. Da safe ya dawo hayyacinsa, magariba na yi abin ya dawo. A gida har an fara zancen aljanu.

Maman Hauwa: Allah ya ba shi lafiya. Haka kakata ta yi bayan aikin hanji, tana cewa akwai yara a ƙarƙashin gado. Da aka gwada fitsarinta, ashe cuta ce ta shiga ta robar fitsari. Ana fara magani ta dawo tana gane mu. Ku ci gaba da addu'a, amma ku sa a gwada.

Nas Ummi: Auta, mun saba gani, musamman bayan aikin ƙugu, kuma yakan taso ne a kwana ɗaya zuwa uku na farko. Allurar barci ake ɗora wa laifi, alhali sau da yawa zafin ciwo ne, ko ƙishirwa, ko fitsari ya riƙe, ko an daɗe ba bayan gida. Don Allah kada ku ɗaure shi, kada ku sayo masa maganin barci na diazepam a kyamis, yana iya ƙara ruɗa tsoho. Ku kawo masa tabaransa, a buɗe taga da rana, wanda ya fi sabawa da shi ya kwana wajensa.

Hajiyayye: Tawa uwar shiru ta yi, ba ci ba magana, sai barci. Mu muna murna tana hutawa! Likita ne ya tambaye ta inda take, ta ce Kasuwar Kurmi. Wannan mai shirun ya fi ba ni tsoro.

Malam Ɗanjuma: Mu dai mahaifinmu ya ɗauki watanni, kuma mantuwa ba ta sake shi gaba ɗaya ba. Daga baya muka gane ta ɗan faro tun kafin aikin.

Autan Baba: Na gode ƙwarai. Likita ya duba yanzu, mafitsara cike take, an sa masa roba. Yaya Binta ce za ta kwana da shi yau.