Kilematis ya bushe a gidan 'yata a Toronto: a tumɓuke ko a jira?

Hajiyar Aboabo: Salamu alaikum jama'ar Kumasi. Shawara nake nema. 'Yata da mijinta sun sayi gida a Toronto ta ƙasar Kanada, suka tarar da wani fure mai yaɗo a jikin shinge, kilematis. Takardar da ke rataye a gindinsa an rubuta Jackmanii. Da na je mata jego a watan Yuli ya lulluɓe shingen da fure shunayya, har na kan zauna a wurin da jaririn. Yanzu Maris ne, ta turo hoto, ya bushe ƙurmus. Surukina zai tumɓuke shi ranar Asabar ya zuba siminti. Na ce a dakata in tambaya.

Ɗan Asawase: Wa alaikumus salam Hajiya. A ba shi ruwa safe da yamma, a zuba kashin kaji. In ya ƙi, a dasa boganbiliya, ita ba ta da laulayi.

'Yar Sawaba a Toronto: Yaya, ƙasar ma ba ta gama narkewa ba, wane ruwa? Boganbiliya kuma sanyin nan kashe ta yake yi a waje. Mma, kada a taɓa gindin. Haka Jackmanii yake yi kowace shekara. Furensa a sabon reshe yake fitowa, don haka yanzu ne lokacin datse shi: a bar kamar santimita 30 daga ƙasa, a yanka saman toho mai ƙwari. Kafin Yuli zai sake hawa shingen.

Kawun Edmonton: Ni kam kada a ambata mini furen nan. Uku na saya, irin Nelly Moser, dala 45 kowanne. Shekara biyu ina rufe gindinsu da ɓawon itace kafin ƙanƙara, ina ɗaura musu zare saboda da ƙafar ganye suke kama abu, ba sa iya riƙe katako mai kauri. A shekara ta uku, sun cika da toho a watan Yuni, na tafi aiki lafiya, na dawo na tarar biyu sun yanƙwane, ganye ya yi baƙi. Na koma wurin mai sayarwa da rasit, ya ce garantinsu shekara ɗaya ne. Bai taɓa ce mini in binne gindin ya nutse ba, bai ce akwai wannan cuta ba. Marigayiya matata ce ta zaɓe su, shi ya sa abin ya tsaya mini a rai.

'Yar Sawaba a Toronto: Allah ya jiƙanta Kawu. Amma dala 45? Ni 18 na sayi nawa a watan Mayu.

Kawun Edmonton: Naki ɗan tsiro ne a ƙaramin gwangwani. Nawa sun girma.

Malamin gona, Kwadaso: Kawu, abin da ya same ka naman gwari ne mai toshe kara, ya fi kama masu manyan fure. Ba kasafai yake kai wa saiwa ba. Ana yanke reshen har ƙasa a jefar, in an binne gindin da zurfin santimita 5 zuwa 8 fiye da yadda yake a tukunya, yakan sake tsirowa. Kuma Nelly Moser ba a datse shi kamar na Hajiya, don furensa na farko a tsohon reshe yake.

Kawun Edmonton: Malam, da girmamawa, ka taɓa tsayawa a sanyin digiri 30 ƙasa da sifiri? Na littafi daban, na hannu daban.

'Yar Sawaba a Toronto: Kawu, abin da Malam ya faɗa daidai ne, nawa ya taɓa yin haka ya dawo. Kuma sanyinku ba namu ba ne, tambayar Mma ta Toronto ce.

Ɗan Asawase: Duk wannan rigima a kan furen da ba ya shiga miya? Hajiya, a dasa ayoyo kowa ya huta.

Hajiyar Aboabo: Ɗana, ayoyo na nan cike a kasuwar Asawase. To Asabar ɗin fa, in ce masa me?

Maman 'yan biyu: Su dai boga, mutanenmu mazauna ƙasar waje, suna da lokacin fure a can. Gidan da yayana ya gina a Kenyasi, mu ke share ciyawa, mu ke biyan kuɗin wuta, in ya kira mangwaronsa kawai yake tambaya.

Kawun Edmonton: Ke ma ki ji namu. Kuɗin mai ban ruwa nake turawa duk wata, da na zo hutu lemon da na dasa ko kututture babu, awaki na kwana a baranda. Wa zan kama?

Maman 'yan biyu: Nawa kake turawa Kawu? Faɗi a ji, don sidi 200 ba ta ɗaukar ma'aikaci yanzu.