Dan Allah ku ba ni shawara, ni da jariri a ɗaki ɗaya a Agege, kaina ya ɗau zafi

Assalamu alaikum 'yan uwa mata, dan Allah a ɓoye sunana. Ni 'yar Funtuwa ce aure ya kawo ni Legas, muna zaune a Agege wajen Zango, irin gidajen nan masu ɗakuna suna kallon juna, ɗaki ɗaya gare mu, banɗaki da wajen girki na kowa da kowa ne. Yarona wata uku ya ɗan ɗora, shi ne na fari. Ban je gida haihuwa ba, ƙanwar mamana ce ta zo ta yi min wankan jego, ana gama arba'in ta hau mota ta koma don ita ma tana da nata yaran. Tun daga ranar ni kaɗai ce.

Abbansa albasa yake sayarwa a kasuwar Mile 12, kafin kiran asuba ya fita saboda motocin kaya da kuma goslo, ba ya dawowa sai bayan isha'i, ya ci abinci ya kwanta. Gidan babu famfo, mai ruwa ne ke kawo mana a jarka, in na makara ban tare shi ba ya wuce to ranar sai dai in lallaɓa da na jiya. Famfas ya yi tsada, sai da dare nake sa masa, da rana nafkin ne, ga igiyar shanya guda ɗaya tal a tsakar gida kowa rububinta yake, in na shanya aka tsuge da ruwa sai in kwaso su a jiƙe in baza a kan ƙofa da kujera, ɗakin duk ya ɗau warin danshi. Wuta kuwa sai an ga dama, wuyansa da bayansa duk ƙurajen zafi, maƙwabcinmu kuma ya ajiye ƙaramin janaretonsa daidai ƙasan tagarmu. Daga magariba yaron nan zai fara kuka yana murɗewa yana ɗaga ƙafa, ba goyo ba nono ba jijjiga, sai wajen sha ɗaya ya yi shiru. Sallah ma yana tsala ihu nake yinta, abinci a tsaye. Matan gidan duk Yarbawa ne, ba na jin Yarbanci, burokin ɗin ma kame-kame nake, akwai wata Iya mai kirki da ke ƙwanƙwasa min ƙofa tana nuna min kwalbar agbo, jiƙon maganin gargajiyarsu, wai in ba shi. Kwanan nan haka kawai sai in ga ina hawaye, rannan har ajiye shi na yi a gado na fita bakin ƙofa na tsaya don ji na yi zan daka masa tsawa. Shin nonon ne ba ya isarsa? Kuma in tafi gida ne na 'yan watanni ko in zauna?

Maman Hanif: Allah sarki 'yar uwa, wallahi sai da na yi ƙwalla. Ki dinga tofa masa Falaƙi da Nasi kafin magariba, ki rufe ƙofa. Allah Ya raya.

Hajiya ta Idi-Araba: Ke yarinya saurara. Tun kafin a haife ki nake garin nan, 'ya'ya bakwai na raina a ɗaki ɗaya, lokacin ma ba wayar da za ki kira uwarki ki yi mata kuka. Yaronki ƙishi yake ji da yunwa. Wannan zafin na Ikko a ce jariri ba zai sha ruwa ba? Ki tafasa ki ba shi a cokali, ki aika a sayo miki dauri wajen masu magani, ke kuma ki koma kan kunun kanwa da gasasshen nama, nono zai zubo. Batun tafiya gida kuwa kul! Ki bar namiji shi kaɗai a Legas wata da watanni? Sai dai ki dawo ki tarar da labule sabo a ƙofa. Aure haƙuri ne, kowa haka ta yi.

Ummu Ayman: Hajiya ki yi haƙuri, da girmanki, amma maganar ruwan nan ba haka take ba. Ina aikin jinya. Nono zalla ake so har wata 6, ba ruwa ba dauri ba agbo, shi nonon kansa mafi yawansa ruwa ne, kuma ruwan jarka shi ke jawo gudawa. Zuma ma ba a ba yaro sai ya shekara 1. Wannan kukan na yamma yara da yawa suna yinsa, yakan yi tsanani wajen sati 6 sannan ya fara raguwa tsakanin wata 3 zuwa 4, to kin kusa fita in sha Allah. In ya gama sha ki ɗora shi a kafaɗa ki shafa bayansa har ya yi gyatsa. In yana jiƙa nafkin kamar 6 a wuni kuma nauyinsa na ƙaruwa, nono na isarsa. Ai kina da rigakafin sati 14 a gabanki, ki ce su auna shi su nuna miki a katinsa. Abu biyu ne suka fi damuna a labarinki. Janareton nan a ƙasan taga, hayaƙinsa yana kisa cikin barci, gubar ba ta da wari ma, a matsar da shi yau ba gobe ba. Sai hawayen da kike yi, akwai ciwon damuwa na bayan haihuwa, ciwo ne kamar kowane kuma ana maganinsa, ki faɗa wa ma'aikaciyar da za ta yi masa allura. Ajiye shi da kika yi kika fita daidai kika yi, kar dai a girgiza jariri da ƙarfi.

Hajiya ta Idi-Araba: To likita bokan turai. Mu da muka sha ruwa da dauri ga mu nan da ranmu har da jikoki. Yanzu komai an ce ciwo ne, gajiya ma an sa mata suna. Kunun kanwar ma za ki ce haramun ne ko?

Ummu Ayman: Ban ce haramun ba Hajiya, amma likitoci a Zariya sun daɗe da danganta yawan kanwa da wankan ruwa mai tsananin zafi da ciwon zuciyar masu jego. Ta sha kunun gyaɗa ko na tsamiya, ta ci ta ƙoshi.

Mai tambaya: Na gode. Amma janareton ba zan iya magana ba gaskiya, mutumin ɗan uwan mai gidan ne, kuma kuɗin hayarmu ya kusa ƙarewa ba na son abin da zai ja a ce mu tashi. Ina rufe tagar ai. Ruwa kuma sau ɗaya na taɓa ba shi na zamzam ne, wannan ai ba komai. Kuma ni ba tabin hankali gare ni ba, gajiya ce kawai.

Maman Twins Ketu: Hmm ke ma kin samu kina gida. Ni kamfani nake aiki, ma'aikatan gwamnatin jihar Legas tun 2014 wata 6 ake ba su hutun haihuwa, mu kuwa wata 3 suka ba ni da ƙyar, ga 'yan biyu. Ƙarfe biyar na asuba ina bakin titi ina kokawar shiga danfo, nono ya cika yana zuba a riga, in tatsa a banɗakin ofis. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 kusan rabin albashina a mota yake tafiya, shi kuma ogan ko kwano bai taɓa ɗaukewa ba, ya dawo ya miƙe ƙafa yana kallon ƙwallo. In na yi magana ya ce wa ya aike ni aiki. Wallahi wata rana sai in ji kamar in kwashe su in bar masa gidan.

Anty Obalende: Ni tambayata ɗaya, shi maigidan me ya ce kan tafiyar? Kin ba mu labarin igiyar shanya kaf amma ba ki faɗi wannan ba.

Mai tambaya: Shi ai cewa ya yi in tafi, har ya ce zai haɗa ni da wani abokinsa da zai je da iyalinsa.

Anty Obalende: To me ya hana? Ki tattara ki tafi mana, ki samu mai riƙe miki yaro ki yi barci ki yi ƙiba ki dawo. Albasa ba za ta gudu ba.

Mai tambaya: Ba gidanmu yake nufi ba Anty, gidansu wajen mamarsa. Mamana tana aure a wani gari ba zan je in zauna wa mijinta da jariri ba. Ni da uwar mijin nawa kuma akwai abin da ya faru lokacin suna, ba zan iya faɗa a nan ba. Sannan kwana ake a hanya a cikin mota, da yaro ɗan wata uku.

Maman Hanif: Kai, gidan uwar miji da ɗanyen goyo? Ni na yi, kar ki soma. Ni ce shara ni ce tuwon mutum goma sha, yaro na kuka a ce na sangarta shi, ranar da na dawo daga islamiyya na tarar an kira wanzami an cire masa beli ba a ko tambaye ni ba. Har yau in na tuna raina ɓaci yake.

Hajiya ta Idi-Araba: Kun gani ko? Shi da kansa ya ce ki tafi. Namijin da ya ce tafi, ki bincika da kyau. Ni dai na faɗa miki ki zauna ɗakinki. Ki yi wanka ki yi kwalliya kafin ya dawo, ba ya tarar da ke da zani ɗaya kina warin nono ba. Ki aika a kawo miki yarinya daga ƙauye ta riƙa yi miki wanke-wanke, magana ta ƙare.

Anty Obalende: Hajiya ɗaki ɗaya fa ta ce, a ina yarinyar za ta kwana? Kuma 'yar mutane a raba ta da makaranta a kawo ta Legas wankin nafkin. Ke mai tambaya, Agege fa cike take da Hausawa tun kaka da kakanni, ba ki rasa islamiyyar matan aure kusa da ke ba. Ki goya shi ki je ko Asabar da Lahadi, a nan za ki samu ƙawaye, wata ma ta karɓar miki shi ki huta.

Mai tambaya: Ba ya son ina fita in ba asibiti ba, ya ce garin ba irin namu ba ne, kuma ni ban ga laifinsa ba don ƙoƙari yana yi, bai taɓa barinmu da yunwa ba. Hajiya ba abin da kike zato ba ne, tausayina ya ji. Kwalliya kuma da wane ruwan, jarka biyu ce ta wanka da wanki da girki.

Ummu Ayman: 'Yar uwa rufe taga ba ya hana hayaƙin nan shiga. In ke ba za ki iya ba shi Abban nasa ya yi wa mutumin magana, namiji da namiji. Kin faɗa masa kuwa kina kuka in ba ya nan?

Maman Twins Ketu: Ta faɗa masa ya yi me? Maza duk kanwar ja ce.

Hajiya ta Idi-Araba: Kar ki faɗa masa komai, raina ki zai yi. Ki turo min lambarki ta bayan fage, akwai mai haɗa dauri mai kyau a nan wajenmu, in yaron Mile 12 zai wuce sai a ba Abban nasa ya kawo miki.

Anty Obalende: Wai me ya faru ne ranar sunan?