Murfin giyar Ford ta 1923 ya tsage: in kai walda ko in nemi wani?

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina zaune a jihar Ohayo ta Amurka, kuma bara na sayi Ford Model T ƙirar 1923 a hannun wani dattijo maƙwabcina da ƙarfinsa ya ƙare. Shekara da shekaru yana lallaɓa ta. Makon jiya ina ɗaure kusoshin murfin giya bayan na canza gasket, sai na ji "ƙas". Da na haska, tsaga ce ta taso daga ramin kusa na kusurwar hagu ta nufi sama, tsawonta kamar ɗan yatsa. Murfin na ƙarfen zubi ne, wanda masu walda ke ce wa kas. Mai har ya fara tsattsafowa. Raina bai so in raba motar da kayanta na asali, don na yi wa dattijon alkawarin riƙe ta yadda ya ba ni. Masu sana'a, ku taimaka min da shawara.

Mai walda daga Kano:
Wa alaikumus salam. Malam, kas yana walduwa, sai dai ba ya son gaggawa. Sinadarin kabon ya yi masa yawa, kashi 2 zuwa 4 cikin ɗari, shi ya sa ba ya lanƙwasa, sai dai ya fashe. Ga yadda muke yi. A huda ɗan rami a ƙarshen tsagar don kada ta ci gaba, a ci bakinta da giranda, sannan a gasa murfin gaba ɗayansa. Naka ya haura shekara ɗari yana shan mai, in ba a ƙone man ya fita ba waldar za ta yi ta kumfa. A yi da sandar nikel, ba sandar ƙofa da taga ba. A ɗora kaɗan, kamar inci ɗaya, a bubbuga da ƙaramar guduma tun yana ja, a dakata, a sake. In an gama a binne shi cikin busasshen yashi ko toka ya kwana. Wanda ya zuba masa ruwa ko ya bar shi a iska, sabuwar tsaga zai tarar a gefen waldar.

Wani ɗan'uwa daga Maraɗi:
Ni na fi yarda da a liƙe tsagar da narkakkiyar tagulla da wutar gas. Zafin bai kai na walda ba, ƙarfen ba ya narkewa, kuma tana toshe yoyon mai sosai.

Tsohon bakanike:
Yaro, kafin a kai ga sanda ko tagulla, ina tsagar ta nufa? Ka ce kusurwar hagu, ta yi sama. Can ne fedoji suke. Wannan motar ba irin namu ba ce. Fedoji uku ne a jikin murfin nan: na hagu na tafiya, na tsakiya na ribas, na dama na burki. Kuma burkin ƙafa ba a taya yake kamawa ba, ɗamara ce take shaƙe ganga a cikin giyar. Ma'ana duk ƙarfin da ka taka, murfin nan ne yake ɗauke da shi. In tsagar ta tsaya a leɓe, a gyara, ba komai. In ta kai gindin sandar burki, wato sandar da fedar burki take kai, wallahi ba zan sa ɗana a motar ba ko wa ya yi waldar. Ga kuma zafi yana karkatar da ƙarfe. Ramukan sanduna su goce kaɗan, feda ta riƙa cijewa.

Abin da ido ya gani ba shi ne iyakar tsagar ba. Wanke wurin, shafa kananzir, goge, ka barbaɗa garin alli. Za ta zana kanta har ƙarshe.

Sannan ka tambayi kanka me ya fasa shi. Kas ba ya fashewa haka kawai. Ko ka ƙure kusa ɗaya kafin sauran, ko kaskon da murfin yake zama a kai ya lanƙwashe. In na biyun ne, sabon ma zai bi sahu.

Wata 'yar'uwa daga Mishigan:
Baba ya faɗi gaskiya. Mijina yana harkar tsofaffin motoci, kuma murfin nan ba wuyar samu gare shi ba, tunda Ford ta ƙera motar sama da miliyan 15 daga 1908 zuwa 1927. Turawa suna ce masa "kan alade". Ana kawo su kasuwar kayan tsofaffin motoci ta Hashi a Fensilbaniya duk watan Oktoba. Amma ka lura da shekara. Na farko-farko na alminiyom ne. Daga 1919 aka fito da mai gurbin sitata. Na 1926 da 1927 daban yake, yana da kunnuwa biyu da ake ɗaurewa a jikin inji, gangar burkinsa ma ta fi faɗi. Kai na tsakanin 1919 da 1925 za ka nema. In za ka cire sitata, fara zare bendis ɗinta, wato ɗan haƙorin da ke murza inji, in ba haka ba za ka ɓata wayoyin magneto, na'urar da ke ba inji wuta. Kuma ka cusa tsumma a bakin giyar, don duk abin da ya faɗa ciki, noti ko zoben noti, maganaɗisun fulawil (faifan ƙarfen da ke juyawa da inji) za su riƙe shi.

Mai tambaya:
Allah Ya saka muku da alheri. Baba, na yi gwajin allin da yamma. Tsagar ta fi yadda na zata, saura kaɗan ta taɓa gindin sandar burki. Na je na nuna wa dattijon, ya daɗe yana shafa wurin, sannan ya ce shi ma da wani zai sa. Zan nemi na 1919 zuwa 1925, tsohon kuma in wanke shi in ajiye tare da takardun motar. Yanzu saura kaskon. Baba, ana iya gane ya lanƙwashe inji yana cikin mota, ko sai na sauke shi?