Tumbi da ciwon suga: shawarwarin da aka tattaro

A wata tattaunawa da aka yi kan ƙiba da ciwon suga, maganar ta fi tsayawa a kan kitsen ciki, kuma a ganina nan ne ya kamata ta tsaya.

Idan ƙwayoyin kitse suka girma fiye da kima, iskar da jini ke kai musu ba ta isa, wasu sai su mutu. Ƙwayoyin garkuwar jiki su yi dafifi a wurin, kumburi ya zauna a ɓoye ba tare da mutum ya ji zafi ba, daga baya wurin ya yi tabo ya taurare. Kitsen da ya taurare ba ya iya ajiye ƙarin mai, sai man ya malala zuwa hanta da tsoka. Daga nan jiki ke fara ƙin jin insulin, wato sinadarin da ke rage suga a jini, sai sugan ya fara hawa.

An ce a auna ƙugu da tef ɗin tela, kada ya kai rabin tsayin mutum. Rage kashi 5 zuwa 10 cikin 100 na nauyi yana rage kitsen hanta. A yi tafiyar sauri ta minti 150 a mako, a rage lemon kwalba da shayi mai suga. Siriri mai tumbi ma ya je a gwada sugansa.