Shawarwarin masu tara libarbar Webley Mk VI

Abin da masana suka fi nanatawa kan wannan libarba, da sojojin Birtaniya suka karɓa a 1915, shi ne duba bayan silindarta, wato sashen da ke juyawa inda ake zuba harsasai. Don harsashin .455 aka ƙera ta, amma dillalai a Amurka sun rage bayan silindar da yawa daga cikin libarbobin domin su ɗauki wani harsashi daban, .45 ACP. Wannan harsashi ya fi ƙarfin libarbar, tana iya tsagewa, darajarta ma ta faɗi. Alamar ragin: lambar shaidar bindigar da ke gefen silinda ta guntule. A tabbatar lambar ta dace da ta bututu da ta jiki, a kuma nemi tambarin kibiya na gwamnatin Birtaniya. Kada a kankare tsohon launinta, ɗan mai da tsumma sun isa. A raba ta da kuben fata, yana riƙe danshi ya jawo tsatsa.